Littafin shago: tantance kayan da suka biyo tsohon injin lez

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Injin lez, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi da wuƙa, ya iso shago bayan la'asar. Colchester Triumph 2000 ne, ƙirar Ingila, daga wata masana'anta da ta daɗe a rufe a Bompai. An daidaita a kan naira miliyan 4 da dubu 800, bisa sharaɗin cewa duk abin da ke cikin kabad ɗin ƙarfen da ke bayan injin nawa ne. Motar kiren ta ci dubu 120, masu dako da abincinsu dubu 25.

Wajen ɗagawa aka yi mini ɓarna. Injin ya haura tan ɗaya, kuma mai kiren bai zo da bel ba, sarƙa ya zagaya masa. Da ya ja, sarƙar ta danne hannun da ke tura wuƙa ciki, ta lanƙwasa shi. Na duba dogon sandan zare na gaba, wanda ke jan wuƙa idan ana yanka zare irin na jikin kusa da noti, Allah ya sa bai taɓu ba. Da shi ne ya lanƙwashe, da cinikin gaba ɗaya ya zama asara.

Kayan kabad kuwa a buhuna da akwatunan katako da gwangwanayen madara aka juye su, duk sun haɗe da busasshen giris da ƙura. Tun a ƙofar masana'antar wani ɗan gwangwan ya ce in bar masa su a kilo. Na ce a'a. Ƙarfen da ban san sunansa ba, ba zan iya sanin kuɗinsa ba.

Litinin, 13 ga Janairu

Wanki. Galan biyu na kananzir, buroshin waya, tsummoki. Na shimfiɗa kwalaye a ƙasa, na ce wa yara su ware komai bisa kama: masu zare wuri guda, masu haƙora wuri guda, masu tsukakken gindi wuri guda. Kowane yanki a manna masa tef a rubuta lamba, ni kuma ina shigarwa a littafi tare da awonsa. Doka ɗaya na kafa: kada kowa ya cusa wani abu cikin injin don ya gani ko zai shiga. A auna tukuna.

Lambar injin tana buge a ƙarshen gadonsa ta wajen telistok, wato sashen da ke tokare ɗaya ƙarshen aiki, na kwafe ta. Na kuma auna sandan zare: tazarar zare goma ta ba ni milimita 63.5, wato zare 4 a kowane inci. Da na mita ne, da 60 zan gani. Ke nan injin na inci ne. Zai yanka zaren mita, amma in ana yi ba a sakin notin da ke kama sandan sai an gama, ana komawa baya da ribas.

Laraba, 15 ga Janairu

Yau na cok ne, wato kan da ke kama aiki yana juyawa da shi, kuma yau na gane cewa kabad ɗin ba na wannan injin kaɗai ba ne. Da alama da aka zo rufe masana'antar, duk abin da aka sharo daga ɗakin gyara nan aka zuba.

Babban cok mai muƙamuƙi uku na Pratt Burnerd, da mai huɗu, da farantin ɗaure aiki, kowanne yana da ƙusoshi shida a baya, kaurin kowace milimita 22.2, wato 7/8 na inci. Wannan shi ne D1-6, bakin injina. Amma akwai ƙaramin cok mai ƙusa uku, kaurin 15.9, wanda D1-4 ne, na ƙaramin inji irin su Student 1800. Sai wani faifai da ba shi da ƙusa ko ɗaya: dogon rami mai tsukewa, da gurbin ki a ciki, da zare a waje. Bakin ramin ya ba ni inci 3 da kwata. L0 ke nan, irin bakin tsofaffin Colchester masu zagayayyen kai, inda wani babban noti ke jawo cok ɗin ya zauna. Kayan lez uku ke nan a kabad guda, tun ban taɓa sauran buhunan ba.

Da na ɗora babban cok, makullai biyu daga cikin shida sun wuce alamarsu. A bakin injin akwai alamar V guda biyu a gefen kowane makulli, kuma dole layin makullin ya tsaya a tsakaninsu idan an ɗaure. In ya wuce, ƙusar ta yi tsawo. In bai kai ba, ta yi gajarta. Gyaran ba wuya: a cire ɗan sukurun da ke tare ƙusar, a juya ta zagaye ɗaya, a mayar. Na yi wa manyan cok biyun da farantin haka, na kuma buga wa kowanne alama daidai da alamar bakin injin don kullum ya koma yadda ya fito. Cok mai nauyin wannan in ya kwance yana gudu, ba a tsayawa ba da labari.

Juma'a, 17 ga Janairu

An kawo wuta amma layi ɗaya cikin uku babu. Ba a tayar da inji ba. Mun ci gaba da wanki har lokacin masallaci.

Talata, 21 ga Janairu

Muƙamuƙan cok sun ɓata mini rai.

Waɗanda ke jikin babban cok ɗin na kama ƙaramin aiki ne, kuma lafiyarsu ƙalau. Na ɗaura sandar da na tabbata miƙaƙƙiya ce, na sa agogon awo, allura ta yi rawar milimita 0.08 kawai. Ga tsohon cok mai muƙamuƙi uku, wannan abin godiya ne. Matsalar ita ce na kama faffaɗan aiki, waɗanda ba na iya aikin fuli ko faifan injin niƙa sai da su. A gwangwani na samu guda biyar masu girman da ya dace, na yi murna, ashe ba a nan take ba.

Cok irin wannan, faifai ɗaya ne a ciki mai zare a nannaɗe kamar bayan katantanwa, shi ke tura muƙamuƙan uku lokaci guda. Saboda haka haƙoran bayan kowane muƙamuƙi a goce suke da na ɗan'uwansa da sulusin tazara, shi ya sa ake buga musu 1, 2, 3, kowanne da gurbinsa. Bayan wannan akwai lambar saiti, domin a masana'anta tare ake wasa ukun a jikin cok ɗinsu. Nawa biyar ɗin: 1 guda ɗaya, 2 guda biyu, 3 guda biyu. Da na goge gefensu da takardar yashi mai laushi, sai ga lambobin saiti iri biyu. Saiti ɗaya yana da 1 da 3, ɗayan yana da 2 da 3, ragowar 2 ɗin kuma ba lamba a jikinsa, kuma ya ɗan fi gurbin kauri. Babu cikakken saiti ko ɗaya.

Na haɗa 1 da 3 na saitin farko da 2 na na biyu don in ga iya abin da za a samu. Sun shiga, sun haɗu a tsakiya a ido, amma agogo ya nuna 0.6. Wannan ba aiki ba ne. Ana iya wasa su a jikin injin da ƙaramar giranda bayan an ɗaure su a kan zobe, sai dai ba ni da girandar da ake ɗorawa a mazaunin wuƙa, kuma taurin ƙarfen ya fi ƙarfin wuƙar yau da kullum. Kafin nan, faffaɗan aiki sai a cok mai muƙamuƙi huɗu, wanda nasa ana juya su ta kowace fuska, illa dai saitinsa na cin lokaci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Alhamis, 23 ga Janairu

Masu tsukakken gindi. Su suka fi yawa: diril manya, rima ta daidaita rami, senta mai tsinin da ke tokare tsakiyar aiki, hannayen cok na diril, da bututun da ake sa ƙarami cikin babba.

Yawancinsu Morse ne, tsarin da Stephen Morse ya fito da shi a Amurka a 1864, kuma baniya, wato ma'aunin kauri, kaɗai ta isa a raba su idan an auna wajen kauri: lamba 1 milimita 12.07, lamba 2 17.78, lamba 3 23.83, lamba 4 31.27, lamba 5 44.40. Telistok ɗina lamba 4 ne. Na rubuta waɗannan a kwali na manna a bango, yara su daina tambayata.

Guda uku ne suka ƙi shiga lissafi. A ido Morse 2 ne sak, amma baniya ta ce 18.3. Na sa ɗaya a bututun Morse 2, ya kama, amma da na girgiza sai na ji yana motsi. Na shafa masa shuɗin gwaji siriri, na juya shi a hankali a ciki, na zaro: shuɗin ya goge a zobe ɗaya kawai, sauran jikin bai taɓa komai ba. Sai na auna kauri a wuri biyu masu tazarar milimita 50. Morse 2 na gaskiya yana ba da bambancin 2.5, waɗannan suka ba da kusan 2.1. Brown & Sharpe lamba 7 ne, mai tsukewar rabin inci a kowace ƙafa, na tsofaffin injinan milin, waɗanda wuƙarsu ce ke juyawa ba aiki ba. Na shafa musu jan fenti a gindi na ware su.

Ba ni ne farkon wanda suka ruɗa ba. Da na haska cikin telistok da tocila, na ga zobba biyu na ƙarzuwa da wani tudu, alamar an taɓa buga abin da ba nasa ba da guduma har ya juya a ciki. Shi ya sa senta ba ta zama daram. Ana bukatar rimar Morse 4 ta gamawa a share tudun da hannu, ba a ci ƙarfe da yawa ba. Babu ita a cikin kayan.

Wani guntun bututu mai kauri da yara suka jefa cikin gwangwanin notina ya zama abu mafi daraja a yau. Cikinsa Morse 4, wajensa kuma ya zauna cif a ramin bakin injin. Shi ne ke riƙe senta ta gaba idan za a yi aiki tsakanin senta biyu. Irinsa ne ke fara ɓata idan inji ya sauya hannu.

Hannayen cok na diril ma da nasu tarkon. Gajeren gefen da ke shiga cok ɗin, wani JT33 ne mai 15.85, wani B16 mai 15.73. Bambancin bai kai kaurin takarda biyu ba, amma ba sa zama a gurbin juna.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na ɗauko Baba a mashin daga gidansa. Ya yi shekaru yana aikin lez a masaƙa a Kakuri kafin masaƙun Kaduna su durƙushe, yanzu ido ya yi rauni amma hannu na nan. Na zuba masa akwatin da na kasa ganewa a kan tabarma.

Ya ɗauki wasu ƙananan ƙarafa masu kusurwa huɗu da haƙora a gefe guda, waɗanda na ɗauka guntayen dayis ne da suka karye. Ya shafa haƙoran da babban yatsa, ya ce, "Yaro, ina kan?"

Na ce, "Wane kai, Baba?"

"Kan Coventry. Waɗannan haƙoransa ne. Huɗu-huɗu suke tafiya. Duba gefe, za ka ga lamba."

Haka ne kuwa. Kowanne da 1, 2, 3 ko 4, da girman zaren da yake yankawa. Kan da ake sa su a ciki na kamfanin Alfred Herbert ne na garin Coventry: yana yanka zare a tafiya ɗaya, in ya kai ƙarshe ya buɗe da kansa, ba sai an juya baya ba. Muka zauna muna haɗa su, muka samu cikakkun saiti tara, ciki har da 1/2 da 3/4 BSP na fayif. Kan dai babu shi.

Sai wasu kolet, wato ƙananan bututun kama wuƙa, masu kunne biyu da zare a ciki. Ya ce na Clarkson Autolock ne, na riƙe wuƙar milin mai zare a gindi, zare 20 a inci. Wuƙar tana shiga kolet ɗin da murɗawa har gindinta ya tokari wani tsini a cikin cok, to duk ƙarfin yanka ƙara ɗaure ta yake yi. Cok ɗin ma yana nan cikin wani buhu, gindinsa mai kaurin 44.45. Kusan daidai da Morse 5 a wajen kauri, amma tsukewarsa mai tsanani ce, 7 cikin 24, ta injin milin mai lamba 40.

Ya kuma nuna mini cewa ƙarfen nan mai yatsu biyu da na jingine a bango sitedi ne mai bin wuƙa, ana ɗaure shi a jikin keken da ke ɗauke da wuƙa don siririn aiki kada ya gudu. Ramukansa sun yi daidai da na injina. Babban mai yatsu uku kuwa gindinsa bai hau gadon ba, na wani injin ne.

Na ba shi dubu 10 na goro. Ya ce in na samo kan Coventry in kira shi ya nuna wa yaran yadda ake saita shi, don ba a koyon wannan a waya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Tap da dayis, kayan yanka zare da hannu, gwangwani uku. Masu rubutu a jiki ba matsala. Waɗanda tsatsa ta cinye rubutunsu ne aiki, kuma nan gejin zare ya biya kuɗinsa. Na sayi mai ganye biyu, na mita da na Whitworth, dubu 6 da 500.

Tsari huɗu ne a cakuɗe. Akwai na mita mai kusurwa 60. Akwai na Amurka, UNC da UNF, shi ma 60. Akwai na Ingila, BSW da BSF, mai kusurwa 55, wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841. Sai ƙananan BA na kayan lantarki, masu 47.5. Inda ake faɗawa rami shi ne BSW da UNC yawan zarensu ɗaya ne a yawancin girma: 5/8 duka zare 11 ne a inci, 3/8 duka 16. Noti zai hau, amma ba a gefen zaren yake zama yadda ya kamata ba. A 1/2 ne suka rabu a fili, BSW 12, UNC 13. Haka 0BA: kauri milimita 6, tazara milimita 1, kamar M6, kusurwa ce kawai ta bambanta.

Ramin gindin cok ɗin Clarkson ma na gwada shi. Kusar M16 ta shiga kaɗan ta cije. Geji ya nuna zare 11 a inci, ba tazarar milimita 2 ba. Duk wanda zai saye shi sai ya san wannan, don sandar jan da ke injinsa ta dace.

Da farko na yi niyyar sayar da na Whitworth duka. Na fasa. Tsofaffin injinan Lista da ke jan niƙa a unguwanni da ƙauyuka da irin wannan zaren aka haɗa su, kuma zaren fayif na BSP da masu famfo ke amfani da shi har gobe kusurwar Whitworth ce. Mai injin niƙa da kusar kansa ta tsinke ba ya samun irinta a shagon kayan gini. Wurinmu zai zo.

Sifanu bakwai da yara suka ce "ba sa kama komai" su ma na Whitworth ne. Lambar da ke jikinsu ta kaurin kusa ce, ba ta faɗin kan noti ba. Mai rubutun 1/2 W bakinsa ya kai milimita 23.4.

Talata, 4 ga Fabrairu

Cire tsatsa da wuta. Robar wanka, ruwa, sodar wanki, cajar batir. Baƙar waya a jikin kayan, ja a jikin guntun rodi, kada su taɓa juna. A waje muka ajiye saboda iskar da ke tashi tana kama wuta. Kayan awo da masu sifirin ban sa su ba. Soda dubu 2, man shafawa bayan an ɗauraye dubu 4. Hazo ya taimaka, komai na bushewa nan da nan.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Giyoyi goma sha ɗaya a ɗaure da waya. Na ƙirga haƙoran kowacce da alli, na auna faɗinta. Lissafin: a ƙara 2 a kan yawan haƙora, a raba da faɗin a inci. Babbar tana da haƙora 127, faɗi milimita 182, wato inci 7.17. 129 a raba da 7.17 ya ba da 18. Wannan lambar ita ce DP, ma'aunin girman haƙorin giya, kuma sauran ma 18 DP suka fito. Ba na injina ba ne, ramin tsakiyarsu ma ƙarami ne. Na Boxford ne, ƙaramin lez ɗin nan na makarantun koyon sana'a.

Mai 127 ɗin ita ce mai tsada. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, in aka ninka sau biyar a samu 127, shi ya sa da ita injin inci ke yanka zaren mita ba tare da kuskure ba. Duk mai Boxford da ya rasa ta ya san abin da ya rasa.

Faya-fayai uku masu layukan ramuka a zagaye, su ma na ƙirga. Na farko 15, 16, 17, 18, 19, 20. Na biyu 21, 23, 27, 29, 31, 33. Na uku 37, 39, 41, 43, 47, 49. Cikakken saitin Brown & Sharpe ne na kan rabo, wato na'urar da ke raba zagaye kashi-kashi daidai wajen yanka giya, wanda juyi 40 na hannunsa ke ba da zagaye ɗaya. In za ka yanka giya mai haƙori 33, juyi ɗaya da rami 7 a layin 33, haka har ka zagayo. Tare da su akwai wuƙaƙen yanka giya na 10 DP, shida cikin takwas. Lamba 1 tana yanka daga haƙori 135 zuwa sama, lamba 8 tana yanka 12 da 13. Babu 4 da 5, kuma su ne na 21 zuwa 34, inda aiki ya fi yawa. Wanda ya ɗauke su ya san abin da yake yi.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Tunda faya-fayan suna nan, na ce kan rabon ma ba zai yi nisa ba. Na koma masana'antar. Mai gadi ya ce ranar da muka tafi da lez, washegari aka kwashe sauran ɗakin a tifa, injin milin da komai, an sayar a kilo. Ya tuna wani "ƙarfe mai hannu kamar na injin taliya" da mutum biyu suka ɗaga da ƙyar.

Na bi sawu zuwa Ƙofar Ruwa. Na same shi, amma an riga an sa masa guduma don a cire giyar tagulla da ke ciki, saboda kilon tagulla ya fi na baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba. Gangar jikin ta tsage gida biyu. Abin da sabonsa ke cin miliyoyi, an fasa shi saboda tagullar da ba ta kai kilo biyu ba. Ban ga laifin yaron da ya fasa ba, sana'arsa ke nan, kuma ba wanda ya gaya masa. Masu masana'antar da suka sayar ba tare da sun kira ko mutum ɗaya mai sana'a ya duba ba, su ne abin haushi.

Tafiyar ba ta tashi a banza ba. A tulin da aka zubar daga tifar na tsinci muƙamuƙi lamba 2 mai lambar saitin farko. Na biya dubu 3, mai kayan yana mamakin abin da zan yi da shi. Na bar masa lambar wayata da hoton kan Coventry, na ce in ya gani kada ya fasa, zan biya ninkin kilo.

A shago na haɗa 1, 2, 3 na saiti guda. Agogo ya nuna 0.1. Alhamdu lillahi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Wuƙaƙe. Na gwada marasa rubutu a dutsen giranda da yamma, lokacin da tartsatsi ke fitowa sosai. HSS, ƙarfen wuƙa mai jure zafi, yana ba da jan tartsatsi mai duhu, kaɗan, ba ya rassa. Ƙarfe mai yawan kabon yana ba da fari mai haske da ke fashewa. Na biyun na ware su don yin fonci da kurfi, domin da sun yi zafi kaifinsu ke mutuwa.

Masu kan kabayid da aka liƙa da tagulla, fentin gindinsu ne bayaninsu: shuɗi P na baƙin ƙarfe, rawaya M na ƙarfen da ba ya tsatsa, ja K na kas, wato ƙarfen zubi. Dutsen giranda na yau da kullum ba ya wasa su, sai na sayi koren dutse, dubu 14. Akwai kuma fakiti biyu na ƙananan bakunan kabayid masu lamba CNMG 120408 da ba a buɗe ba, amma babu mariƙinsu.

Mariƙan wuƙa na Dickson guda takwas ne, biyar sun hau mazaunin injina, uku ƙanana ne.

An miƙe hannun da sarƙa ta lanƙwasa, dubu 5.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Aikin farko: shaf ɗin injin markaɗe, da kusoshi huɗu 1/2 BSW na wani mai Lista daga Dawanau. Dubu 38 duka.

Wani malamin koyar da sana'a ya zo ya ɗauki giyoyin Boxford a dubu 85. Cok mai D1-4 da ƙananan mariƙan Dickson uku sun tafi a dubu 140 wurin wani mai Student 1800 a Dakata. Faifan L0 da babban sitedi na aika hotonsu da awonsu ga wani abokin sana'a a Panteka ta Kaduna, ya ce akwai mai nema. Kuɗin da ɗan gwangwan ya taya kayan kabad ɗin gaba ɗaya bai kai abin da giyoyin kaɗai suka kawo ba.

Kashewa tun daga ranar 11 ga Janairu, ban da kuɗin inji: kusan dubu 215. Shigowa daga sayar da kaya: dubu 225.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na samu littafin injin a intanet, na buga shi a shagon kwamfuta, dubu 4 da 500. Zanen sassan da ke baya ya warware ragowar akwatin. Doguwar sanda da maƙalin da ke kama gefen gado na na'urar yanka tefa ne, wadda ake ɗaurawa a bayan keke, sai dai gangar na'urar ba ta cikin kayan. Ɗan ƙaramin agogo mai giya a gindi shi ne mai nuna lokacin kama zare, na mayar da shi mazauninsa a gefen keke, ya hau sandan zare daidai.

Cok ɗin Clarkson da kolet ɗinsa da faya-fayan rabo ba zan sayar ba tukuna, tunda ina da niyyar injin milin in Allah ya hore.

Azumi na kamawa ƙarshen makon nan, aiki zai koma safe zuwa azahar. Abin da ke gaba: aron rimar Morse 4 don gyaran telistok, sauya man kan injin, daidaita gado da ma'aunin ruwa tunda daɓen shagon ya ɗan karkata ta gabas, da sayen mariƙin CNMG. Kafinta zai zo ranar Litinin ya auna bango don allon rataye kaya, kowane tsari da layinsa, na Whitworth da jan fenti. Ya ce dubu 45, na ce 35, mun tsaya a 40.